Yadda ake zama da kyanwa lafiya a gidan da aka yi haihuwa

Duk wanda ya taɓa kiwon kyanwa a gidan da ake jego ya san yadda take sauya makwanci cikin 'yan kwanaki. Kyanwar da ta saba kwana a bakin murhu ko a kan buhun hatsi sai a wayi gari ta tare a ɗakin mai jego, tana shinshina zanen goyo, tana neman lafewa a gefen jariri. Wasu sukan ɗauka wata ɓoyayyiyar manufa ce ke kawo ta, alhali dalilin a fili yake. Zafin jikin kyanwa yana kaiwa digiri 38 zuwa 39, ya ɗara na mutum kaɗan, kuma takan yi barcin sa'o'i 12 zuwa 16 a kowace rana, don haka kullum cikin neman wuri mai ɗumi da laushi take. Ɗakin jego kuwa, musamman da hunturu, ya fi ko'ina ɗumi a gidan, ga ƙamshin nono da tumbuɗi a jikin kayan jariri, ga shi kuma yana kwance ba ya korar kowa.

Mataki na farko ana ɗaukarsa tun ciki bai tsufa ba. A kai kyanwar wurin likitan dabbobi domin a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma tana kamuwa da shi, a kuma ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma. Mai juna biyu ta bar wa wani aikin kwashe kashin kyanwar, domin a cikinsa ake samun ƙwayar cutar toksoplasma da ke iya cutar da ɗan da ke ciki. Ƙwayar ba ta fara yaɗa cuta sai ta kwana ɗaya zuwa biyar a cikin kashin, shi ya sa kwashe shi kullum ya fi barinsa ya taru.

Mataki na biyu shi ne a tanadar mata nata wurin, kuma a ganina nan ne mafi yawan gidaje suke kuskure. Ana korar ta da tsintsiya ko da silifa, ta fita, da an juya baya ta dawo, saboda ba a ba ta abin da ta zo nema ba. A sami kwali ko tsohon kwando, a shimfiɗa tsumma mai kauri a ciki, a ajiye shi inda rana ke faɗawa da hantsi ko kusa da madafa, kuma a ɗan ɗaga shi daga ƙasa, tunda kyanwa tana son ta hango abin da ke faruwa daga sama. Idan a nan ake kai mata abinci a lokacin da ta saba, cikin 'yan kwanaki za ta riƙe wurin.

Bayan haihuwa, a fara gabatar mata da ƙamshin jaririn kafin shi kansa. A ajiye mata wani zanen da aka naɗe shi da shi ta shinshina son ranta, daga baya a bar ta ta matso yayin da yake hannun mahaifiyarsa. Idan ta goga kumatunta a ƙafar gado ko a jikin katifa, tana sanya wa wurin ƙamshinta ne, wato ta karɓe shi cikin abubuwan gida. Ranar suna kuwa, da gida zai cika da baƙi da hayaniya, gara a rufe ta a wani ɗaki da ruwa da abinci.

Ƙa'idar da ba a sassauta ta ita ce ta barci. Jariri sabon haihuwa ba ya iya juya kansa ko ture abin da ya rufe masa hanci, saboda haka kyanwar da ta kwanta kusa da fuskarsa don jin ɗumi tana iya toshe masa numfashi ba da niyya ba. A sauke gidan sauro a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, a duba cikin gadon kafin a kwantar da shi, a kuma ja ƙofa idan mai jego za ta fita wanka, ko da na minti biyar ne.

Lokacin da yaro ya fara rarrafe lamarin yakan juya, domin yanzu shi ne mai bin ta yana jan wutsiya. A ɗauke kwanon abincinta daga inda hannunsa zai kai, a bar mata hanyar tserewa. Idan ta karce shi ko ta cije shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a kai shi asibiti a ranar, musamman idan kyanwar mai yawo a unguwa ce ko ba a taɓa yi mata rigakafi ba.