Yadda za ku iya biyan mai kwana da majinyacin Parkinson ba tare da gida ya durƙushe ba

Jinyar Parkinson, cutar ƙwaƙwalwa mai sa karkarwa da sandarewar jiki, da rana ana lallaɓawa, daren ne ke karya mutane. Maganin cutar, wato levodopa, da majinyaci ya sha da yamma ƙarfinsa ya sauka, jiki ya sandare, juyi a kan katifa ya gagara, ga fitsari yana tada shi akai-akai, in ya miƙe da sauri kuma jiri ya kwashe shi ya faɗi a hanyar banɗaki. Toh ita cutar gaba take yi, bana zai iya da kansa baɗi sai an kama shi, dan haka maganar kuɗin mai kwana tun yana iya magana da bakinsa ake zama a yi ta, shi ma a ji ra'ayinsa, jikinsa ne.

Kafin ku ɗauki kowa, ku fara rage aikin daren tukunna. Ku gaya wa likitan jijiya da ƙwaƙwalwa, ko a Asibitin Malam Aminu Kano ne ko Shika ko inda kuke zuwa, ainihin abin da ke faruwa da dare, akwai levodopa mai narkewa a hankali da ake bayarwa lokacin kwanciya, amma shi zai yanke wannan, kar ku ƙara ko ku yanke magani da kanku wallahi yankewa farat ɗaya hatsari ne. Sai robar da zai yi fitsari a ciki da fo a gefen gado, fitila mai caji a kunne, ƙararrawa kusa da hannunsa, a rage shayi bayan magariba, a shimfiɗa yadi mai santsi daidai ƙugu dan juyi ya yi sauƙi. Waɗannan sau ɗaya ake saye, kuma su ne ke sa a wadatu da wanda zai kwanta a ɗakin a tashe shi in da buƙata, maimakon wanda zai kwana ido biyu, kuɗinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Ba dole sai nas ba. Ma'aikacin lafiya na unguwa ko ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya zai iya, namiji ga namiji mace ga mace, ku yi ciniki da kwana ba da wata ba, kuma ku tuna mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun 2024, in kun matse mutum sosai tafiya zai yi ya bar ku. Ku ɗauke shi kwana 3 ko 4 a sati, sauran 'ya'ya da 'yan uwa su karɓa bi da bi. Abin da ke min ciwo shi ne a bar wa matarsa ko 'ya mace ɗaya duka dare bakwai, ana cewa ai lada take samu, ita ma fa mutum ce kuma kwanciya za ta yi.

Kuɗin kuwa a buɗe asusu ɗaya na jinya kawai, mutum ɗaya ya riƙe, duk wata ya tura lissafi a WhatsApp na dangi, kowa ya faɗi abin da zai iya bayarwa ko kaɗan ne amma ya ɗore, wanda ke nesa ba zai iya kwana ba sai ya biya kwanansa da kuɗi. In akwai gona ko shago gara a ba da haya da a sayar, jinyar nan ta shekaru ce. Ku kai takardun asibiti Hukumar Zakka da Hubusi idan a Kano kuke, Sakkwato ma akwai irinta, ba abin kunya ba ne. Inshorar lafiya ta tarayya, wato NHIA, ko ta jiha ku yi rajista dan rage kuɗin ganin likita, abin da ya ragu ya tafi wajen mai kwana.

In ya kai matakin da ba ya iya juyawa sam, juya shi ake yi kamar duk awa 2 saboda gyambon kwanciya, a nan dole a samu mai kwana ido biyu, kason kuɗin nan shi ne wanda ya kamata ku fara tarawa tun yanzu.