Yadda ake kare majinyacin da ke kan na'urar numfashi daga ciwon nimoniya

Wanda aka zura wa bututun numfashi ba ya iya tari yadda ya kamata, yawunsa ma ba ya iya haɗiyewa. Yawu da majina sai su taru a saman ɗan balan-balan ɗin da ke toshe gefen bututun a maƙogwaro, su riƙa silalewa kaɗan-kaɗan zuwa huhu, ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Klebsiella, Pseudomonas da Acinetobacter. Nimoniyar da ta bayyana bayan awa 48 da saka bututu, yawanci ta wannan hanya ta shiga. Ita ce hanyar da za ka tare.

Fara da hannunka. Kafin ka taɓa bututu, da bayan ka taɓa, goge hannu da sinadarin tsaftace hannu na sakan 20 zuwa 30, ko ka wanke da sabulu. Safar hannu ba ta maye gurbin wankin.

Sai gado. Ɗaga kan gadon digiri 30 zuwa 45, sai fa idan likita ya hana, kamar wanda ya samu rauni a ƙashin baya. Inda ake yawan sakaci shi ne bayan wanka ko sauya zanin gado: a kwantar da gadon, a gama aiki, a wuce ba a mayar da shi ba, ga abinci na tafiya ta bututun hanci, wanda kan iya dawowa daga ciki ya silale zuwa huhu. Duba shi duk lokacin da ka zo wucewa.

Balan-balan ɗin nan kuwa, auna matsin iskar da ke cikinsa da ma'auni, ya tsaya tsakanin 20 zuwa 30 a awon matsi na santimitar ruwa. Matsa shi da yatsa ka ce ya yi, wannan ba awo ba ne. In iska ta yi kaɗan, majina ta wuce. In ta yi yawa, ta ji wa bangon maƙogwaro ciwo. Kafin ka sassauta shi ko ka gyara zaman bututun, fara zuƙe abin da ya taru a baki.

Bakin ma a goge shi da burushi mai laushi safe da dare, haƙora da dasashi da harshe, kana gogewa kana zuƙe ruwan. Ƙa'idar da ƙwararru a Amurka suka sabunta a 2022 ta fifita burushi, ta janye shawarar amfani da maganin wanke baki na chlorhexidine ga kowane majinyaci. 'Yan uwa masu jinya kuma a yi musu bayani cikin mutunci cewa kada su ɗiga masa ruwa ko wani jiƙo a baki, komai tausayin bushewar leɓensa.

Ruwan da ke taruwa a tiyon na'ura, karkata shi nesa da majinyaci ka zubar. Tiyon kuma kada a riƙa sauya shi haka kawai, sai fa in ya yi datti ko ya lalace.

Matakin da na fi ba muhimmanci shi ne na kowace safiya. Da izinin likita, a rage maganin barci har majinyaci ya buɗe ido ya matsa maka hannu in ka ce ya matsa. In ya nutsu, a gwada shi ya ja numfashi da kansa na minti 30 zuwa awa 2, ana lura da bugun zuciyarsa da iskar da ke jininsa. A zaunar da shi, a motsa masa gaɓoɓi da wuri. Kowace ranar da bututu ya ƙara a maƙogwaro haɗari take ƙarawa, don haka in ya ci gwajin, a sanar da likita nan take a cire bututun.