Darasi na 9: Tauraron da Ya Fi Zafi Amma Ba A Ganinsa

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san yadda ƙarfe ke sauya kala. Da maƙeri ya fara zuga, ƙarfen sai ya yi ja. In wuta ta ci gaba, ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya doshi fari. Farin ƙarfe ya fi jan ƙarfe zafi. Haka taurari suke: ja mai sauƙin zafi ne, fari mai ratsin shuɗi shi ne wuta ta gaske.

Da hunturu, daren da babu hazo, ku fita bayan gari in an idar da sallar isha. Za ku ga taurari uku a jere. Ku bi layinsu ta gefe ɗaya, za ku doshi Kaza da 'Ya'yanta. Ku bi ta ɗaya gefen, wajen kudu maso gabas, za ku iske wani farin tauraro mai ƙyalli. Shi ne Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi, Turawa kuma na ce masa Sirius. Babu tauraron da ya kai shi haske da dare. Kada wani ya ce ai Gamzaki ya fi shi. Gamzaki duniya ce irin tamu, hasken rana take aro.

Shi'ira yana da abokin tafiya da ido ba ya gani, Sirius B. A 1844 wani masani Bajamushe, Friedrich Bessel, ya lura babban na tafiya yana tangaɗi, ya ce lallai akwai mai jan sa. Sai a 1862 Alvan Graham Clark, wani mai haɗa madubin hangen nesa a Amurka, ya gan shi. Suna kewaya juna sau ɗaya cikin shekara 50.

Ga inda lissafin yake da daɗi. Ruwa na tafasa a digiri 100. Fuskar rana ta kai wajen 5,500, ta Shi'ira kusan 10,000, ta wannan ƙaramin kuwa wajen 25,000. Duk da haka Shi'ira ya ninka shi haske kusan sau 10,000 a gani. Me ya sa? Ƙanƙanta. Tartsatsin maƙera komai farinsa ba zai haska gona kamar tulin kara da aka cinna wa wuta ba. Girman Sirius B kwatankwacin duniyarmu ne kawai, amma nauyinsa ya kai na rana. Tsohon tauraro ne da makamashinsa ya ƙare ya dunƙule, yana hucewa a hankali. Masana na kiran irinsa farin wada. Cokalin shayi guda na jikinsa zai haura tan 5, wato ya fi buhun gero 50 masu kilo 100. Ba amalanken da zai ɗauka.

Aiki: Ku rubuta 100, 5,500, 10,000 da 25,000 da kalmomi. Daga 1844 zuwa 1862 shekara nawa ne? Daren yau kowa ya nemo Shi'ira, gobe ya faɗa wa malam kalar da ya gani.