Yadda Malamai Za Su Haɗa Hannu Su Taimaki Yaran da Suka Zo Makaranta da Harsuna Daban-daban

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji ɗaya ko aji biyu na firamare a unguwannin Kaduna irin su Kakuri, ko Sabon Tasha, ko Rigasa, ko Mando, ya san cewa sunayen da yake kira a rajista da safe ba na masu harshe ɗaya ba ne. A benci guda za a iya samun yaron da ake yi wa Gbagyi a gida, da yarinyar da kakarta ba ta yi mata magana sai da Fulatanci, da ɗan Bajju ko Atyap ko Adara, da ɗan Bayarabe, da kuma wanda Turancin buroka ne ya fara buɗe baki da shi. Kuskuren da muka fi yi, mu da Hausa ce harshenmu na gida, shi ne ɗauka cewa tun da yaro yana iya sayen ƙosai da Hausa, to, zai fahimci darasin lissafi da ita, har ma da Turanci.

Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta daɗe tana cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yawo a yankinsu. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai wannan tsari har aji shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke shi da komawa Turanci. Ko wace manufa ce ke aiki, yaron da ya shigo aji da harshen gidansu yake tunani, kuma ta nan ne dole malami ya bi idan yana son kai shi ga Turancin. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, ya nuna cewa hakan bai rage musu komai a Turanci ba. Sai dai ajinmu na Kaduna ba na harshe ɗaya ba ne kamar nasu, kuma babu malamin da ya iya harsunan ɗalibansa duka. Abin da malami ɗaya bai iya ba, sau da yawa akwai wanda ya iya shi a cikin harabar makarantar, don haka wannan aiki na haɗin gwiwa ne tun daga tushensa.

Farkon abin yi shi ne a san harsunan da ke cikin makarantar, a kuma rubuta su. Shugaban makaranta ya ware littafi guda mai kauri, kowane aji da shafukansa. Lokacin ɗaukar sababbin yara a tambayi wanda ya kawo yaron abu uku: wane harshe ake yi masa a gida, da wane harshe yake wasa da yaran unguwa, kuma ko ya taɓa karatu a makarantar allo ko Islamiyya ko makarantar Lahadi. Ina ba da shawara a tsaya a kan harshe, kada a tambayi ƙabila, domin a garin nan tambayar ƙabila tana sa mutum ya ɗaure fuska, kuma amsarta ba ta da amfani ga darasi. Suna ma ba ya faɗin gaskiyar lamarin, domin akwai yara da yawa da iyayensu suka fito daga Zangon Kataf ko Kachia waɗanda Hausa ce harshensu na farko, akwai kuma masu sunayen da muka saba da su waɗanda Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. A shafukan ƙarshe na littafin a rubuta harsunan manya: malamai, da maigadi, da mai shara, da matan da ke sayar da abinci a bakin ƙofa.

Na koyi muhimmancin wannan shafi na ƙarshe ne ta hanyar laifin da na yi da kaina. An kawo mini wata yarinya aji biyu a tsakiyar zangon karatu, bayan iyayenta sun baro ƙauyensu saboda rashin tsaro. Makonni suka wuce ba ta ce uffan ba, ni kuwa har na sanya ta a raina cikin masu nauyin fahimta. Wata rana da aka fita tara sai na hango ta tsugune kusa da maigadinmu, wani dattijon Bafulatani, tana jera tsakuwa a ƙasa tana magana ƙasa-ƙasa. Na matsa na ce, "Baba, me take cewa?" Ya ce, "Malam, ƙirga take yi. Yarinyar nan ta iya lissafi, da harshenmu ne kawai take yin sa." Ya nuna mini yadda take ware tsakuwa biyar gefe guda sannan ta ƙara ɗaya, domin a Fulatanci sunan shida yana nufin biyar da ɗaya, bakwai kuma biyar da biyu, haka har tara. Washegari na sa ta ƙirga wa ajin da Fulatanci, na rubuta 5 + 1 da 5 + 2 a allo, kuma da wannan na koyar da tarawa a makon. Shirunta ba rashin kai ba ne, ni ne ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Masanin nan Jim Cummins na Kanada ya bambanta harshen hira da harshen karatu. Ya nuna cewa yaro kan kama harshen hira cikin kamar shekara biyu, amma harshen da ake rubuta littattafan makaranta da tambayoyin jarrabawa da shi yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Wannan ya bayyana abin da muke gani a aji huɗu, inda yaron da ke zuba surutu a filin wasa yake tsayawa cak idan aka ba shi sakin layi ya karanta ya yi bayani. Ya kamata kowane malami a makarantar ya san wannan, kada malamin aji huɗu ya riƙa ɗora laifi a kan na aji uku.

Daga nan sai zaman malamai na mako-mako, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. Ba taron sanarwa ba ne, kuma bai kamata ya wuce minti arba'in ba, in ba haka ba mutane za su fara zamewa tun mako na uku. Kowane malami ya zo da darasi ɗaya na mako mai zuwa, ya fitar da kalmomi takwas zuwa goma waɗanda idan yaro bai gane su ba darasin ya wuce shi. A zauna a kan kowace kalma: yaya za a bayyana ta da Hausa mai sauƙi, yaya ake faɗinta da sauran harsunan ajin, kuma da wane abu na zahiri za a nuna ta. A nan ne ake gano tarkon da malami shi kaɗai ba ya lura da shi. Kalmar Turanci "left" da yara suka koya a matsayin hagu ita ce kuma ke zuwa a tambayar ɗebewa da ma'anar saura, kuma na ga yaro yana duban hannunsa na hagu yana neman amsa. "Table" tebur ne a aji ɗaya, amma jadawali ne a aji uku. Abin da aka amince da shi a rubuta shi a littafin nan, domin malamin aji uku da na aji huɗu su riƙa amfani da kalma ɗaya, kada yaro ya sake farawa daga tushe duk shekara.

A irin wannan zama ne kuma malamai ke koya wa juna dalilin kurakuran yara. Hausa ba ta da sautin p da v, shi ya sa ɗan Bahaushe yake cakuɗa p da f, kuma harafin c da ya koya a "ciki" ba ya ba shi sautin da Turanci ke so. Fulatanci da Yarabanci da Igbo ba sa bambanta namiji da mace a wakilin suna, saboda haka yaron da ya ce "Malama ya zo" ba rashin ladabi ya yi ba, kuma irin wannan ruɗani zai bi shi cikin Turanci. Yaron da ya fito daga makarantar allo ya riga ya san cewa rubutu yana ɗauke da sauti, abin da yake buƙata shi ne a nuna masa cewa boko daga hagu yake farawa. Malamin da ya san waɗannan zai gyara da haƙuri maimakon tsawa.

Sau ɗaya a wata malamai biyu su shiga ajin juna. Mai kallo ba sufeto ba ne, kuma kada ya rubuta komai a kan malamin. Ya zaɓi yara uku daga cikin waɗanda harshen aji bai zauna musu ba, ya lura da su kaɗai: sau nawa suka yi magana, a ina suka daina bin darasin, wa suke juyawa su tambaya.

A cikin aji kuwa, a zaunar da sabon yaro kusa da wanda suke harshe ɗaya, amma kada a mayar da ɗaya tafinta na dindindin har nasa karatun ya tsaya. A riƙa sauya su, kuma in babu mai harshen a ajin a nemo daga aji biyar ko shida na ɗan lokaci. Idan an ba da aikin rukuni a bar yara su tattauna da harshen da suka ga dama, sannan su kawo amsa da harshen darasin. Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon a guje mata, wato fassara kowace jimla nan take, domin yara suna da wayo, da zarar sun gane fassara na tafe sai su daina sauraron Turancin. Ya fi kyau a nuna abin, a yi bayaninsa sosai da harshen da suka sani, sannan a koma Turanci a zauna a kansa. Tarar da ake ci ko bulalar da ake yi saboda "banakula", wato yin magana da harshen gida a makaranta, kuwa a daina ta gaba ɗaya, domin abin da take koya wa yaro shi ne yin shiru.

Kayan aiki ba sai an jira daga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ba. Kwalayen da masu shaguna ke zubarwa, da maka, da zare, sun isa a yi bangon kalmomi: hoto a farko, sai Turanci, sai Hausa, sai sauran harsunan ajin, kamar ruwa da "ndiyam" na Fulatanci da "omi" na Yarabanci da "mmiri" na Igbo a jere ƙarƙashin hoton randa. A kula da daidaiton rubutu, a sa wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasarsu, sauran harsunan kuma a kai wa wanda ya iya rubuta su ya duba. An fassara Sabon Alkawari zuwa Jju, harshen Bajju, da Tyap, harshen Atyap, da Gbagyi, don haka a majami'un unguwa akan samu masu karanta waɗannan harsuna da kyau. Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989 kuma hedikwatarta ke nan Kaduna, ita ce wurin da ya dace a fara tambayar littattafan Fulatanci, Cibiyar Malamai ta Ƙasa kuma tana kan hanyar Zariya ga mai neman ƙarin horo. A intanet, African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara kyauta da Hausa da wasu harsunan Afirka, manhajar Bloom kuma an yi ta ne domin haɗa ƙananan littattafai da harsunan da ba su da yawan rubutu. Tun 2022 harshen Tyap yana da nasa Wikipedia, kuma nuna wa ɗan Atyap harshensa a fuskar waya yana da tasirin da ba a raina shi.

Mafi daraja a wurina shi ne littafin da makaranta ta yi da hannunta. A gayyato kakar wani yaro ta ba da tatsuniya da harshenta, a ɗauka da waya da izininta, malamin da ya iya harshen ya rubuta, wani ya mayar da ita Hausa da Turanci mai sauƙi, 'yan aji shida su zana hotuna, a ɗinke da zare. Idan an yi ɗaya a kowane zango, ranar 21 ga Fabrairu, wadda ita ce ranar harshen uwa ta duniya, za a sami abin karantawa a gaban iyaye.

Iyaye da yawa za su ce Turanci suka kawo ɗansu ya koya, kuma suna da gaskiya. A taron iyaye da malamai ko na SBMC, wato kwamitin kula da makaranta, a yi musu bayani, da tafinta in akwai buƙata, cewa manufar ɗaya ce, a kuma roƙe su kada su daina yi wa yaro harshensu a gida don zaton hakan zai gyara Turancinsa. Uwar da ke ba da labari mai tsawo da Adara ta fi amfanar ɗanta a kan wadda ta taƙaita ga 'yan kalmomin Turanci na umarni.

Wajen gwaji, a raba abu biyu: shin yaro bai san lissafin ba ne, ko tambayar ce bai gane ba? Kafin a rubuta masa sifili a sake yi masa tambaya biyu ko uku da baki, da harshen da ya fi ji, a rubuta sakamakon biyu gefe da gefe. A ƙarshen zango na uku malamin da ke sallamar aji ya zauna da wanda zai karɓe shi, su bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da littafin harsuna a gabansu. Tun da ana yawan sauya wa malamai wurin aiki, littafin ya zauna a ofishin shugaban makaranta, a kuma ɗauki hoton shafukan kalmomin a ajiye a zauren WhatsApp na malamai, shafukan da ke da sunayen yara kuwa a bar su a ofis.