Yadda ake tantance babbar lambar firam, a kuma gano gidanta

Lambar firam ita ce wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 da ita kanta. Mu ɗauki 8191 mu gwada. Takarda da biro da kalkuleta irin ta 'yan tireda a Kasuwar Barci sun isa.

Fara da tankaɗe. Ƙarshenta 1 ne, don haka 2 da 5 sun fita. Tara alƙalumanta: 8+1+9+1 ya ba da 19, kuma 3 ba ta raba 19, ita ma ta fita.

Sai ka yanke wa aikin iyaka. 90 sau 90 ya ba da 8100, 91 sau 91 kuwa 8281, ya wuce. Duk lambar da ke rabuwa dole tana da mai raba ta a ƙasa da wannan iyaka, saboda haka firam 24 kawai za ka gwada, daga 2 zuwa 89. Ɗalibai da yawa a nan suke ɓata dare guda suna rabawa har 4000, aikin baban giwa.

Amma kafin ka soma, ƙara mata 1. Ka samu 8192, wato 2 an ninka ta da kanta sau 13. Ashe 'yar gidan Mersenne ce, wato lambobin da ake samu idan an ninka 2 da kanta sau da yawa aka cire 1, kuma gidan yana da gajeriyar hanya: duk firam ɗin da zai raba ta sai ya zama ninkin 26 (wato 13 sau 2) da ɗoriyar 1. Ƙasa da 91 akwai 27, 53 da 79, kuma 27 ba firam ba ce. Raba da 53, saura 29. Raba da 79, saura 54. Shi ke nan, 8191 firam ce.

Hattara dai, ba kowane ɗan gidan ne ke cin jarrabawa ba. 2047 ita ce 2 an ninka ta da kanta sau 11 an cire 1, kuma 11 firam ce, amma 2047 ɗin 23 sau 89 ce. Kalkuleta ma tana yaudara idan lamba ta yi tsawo: gurabenta na cika, ta haɗiye ragowar, ka zaci rabo ya fita daidai. Maganinsa ka ninka amsar da lambar da ka raba da ita ka ga ko ta dawo da lambar asali.

Sauran rabe-raben ba su da wuya. 8191 ba ta da tagwai, wato firam ɗin da bambancinsu 2 ne kawai, domin 8189 ita ce 19 sau 431, 8193 kuma 3 na raba ta. Ba ta cikin jerin Sophie Germain, wato firam ɗin da ninkinsu biyu da 1 shi ma firam ne, tunda ninkinta biyu da 1, wato 16383, yana rabuwa da 3. Ninka ta da 4096, rabin 8192, ka samu 33,550,336, cikakkiyar lamba ta biyar, wato lambar da in ka tara duk masu raba ta, ban da ita kanta, sai su ba da ita.

Idan lambar ta kai girman wadda shirin GIMPS, mai neman firam ɗin gidan Mersenne, ya gano a 2024, mai alƙaluma 41,024,320, rabawa ba ta kai ko'ina, sai gwajin Lucas-Lehmer na 'yan gidan Mersenne a kwamfuta. Koyi shi da 127, wato 2 an ninka ta da kanta sau 7 an cire 1: fara da 4, ninka da kanta, cire 2, raba da 127, riƙe saura, ka maimaita da sauran har sau biyar, wato 7 a cire 2. Za ka ga 14, 67, 42, 111, sai 0. Sifirin nan ne shaidar firam.