Yadda Ake Rubuta Lambobin Jeri a Turanci

Ɗalibai da dama a nan Sakkwato, musamman masu shirin jarrabawar WAEC, sun yi ta tambayata yadda ake rubuta "na ɗaya, na biyu, na uku" da Turanci. Ga matakan:

1. Haddace ukun farko, domin ba sa bin ƙa'ida: first, second, third.

2. Daga huɗu zuwa sama, ƙara th a ƙarshe: fourth, sixth, tenth.

3. Riƙe rubutun waɗannan huɗun daban: fifth, eighth, ninth, twelfth.
A kula: babu e a cikin ninth. Nan ake yawan zubar da maki a banza.

4. Idan kalmar ta ƙare da y, mayar da shi ie kafin th: twenty, twentieth. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar shi ne the twentieth Sultan.

5. A lamba mai kalmomi biyu, sauya ta ƙarshe kawai: twenty-first, forty-second.

6. Wajen rubutu da alƙaluma, liƙa haruffa biyun ƙarshe na kalmar: 1st, 2nd, 3rd, 4th. Ranar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato ita ce 3rd February, 1976.
Hattara: 11, 12 da 13 duk th suke ɗauka. Rubuta 11th, 12th, 13th, kada ka rubuta 11st.

7. Cikin jimla, sanya the a gaba: the second term.