Yadda na gyara gurnanin sifika a falona

Tun da na kawo sifikun nan biyu falo bes ɗin ya ƙi daɗi, in ka zauna a kujerar jikin bango sai ka ji gurnani har cikin ƙirji, ka matso tsakiyar ɗaki kuma sai ya ɓace gaba ɗaya. Kowa cewa yake sifika ce ta lalace. Wallahi ba ita ba ce.

Da wayoyin haɗin sifikun na fara, na taɓa batirin 1.5V a bakin wayar kowace sifika, jar waya a kan fulas (+), duka biyun faifan gaban sifikar ya turo waje, to haɗin daidai yake. Sai na sa REW, manhajar auna sauti, a laftof, kyauta ce, na aro makirfon UMIK-1 na kafa shi daidai inda kaina yake in na zauna. Layin awon da REW ta zana ya yi tsalle sama a wajen 43Hz, wato sautin da ke kaɗawa sau 43 a sakan. Falon mita 4 ne tsawonsa, sauti kuma yana cin mita 343 a sakan, ka raba da ninki biyu na tsawon ɗakin sai ga 43 ta fito. Wato ɗakin ne ke amsawa, ga siminti ga tayil.

Na janye kujera daga bango, na fito da sifikun daga kusurwa, na rage 43Hz ɗin a ikwalaiza, wato abin rage ko ƙara ƙarfin wani sashe na sauti. Kafet da labule mai kauri sun kashe amon da ke dawowa in ka tafa hannu, amma bes ba ruwansa da labule, kar ka ɓata kuɗinka wajen sayen soso saboda shi. Inda yake ɓacewa a tsakiyar ɗaki kuwa ban ƙara masa ƙarfi ba, wahalar da sifika ne kawai.